Ranakun Tunatarwa Na Ƙarshen Kaka

Ga shi kaka ta yi nisa a ƙasar Dogon Daji. Gero ya daɗe da shiga rumbu, an cire gyaɗa, ana ƙarasa roron wake, dawa ce ta rage a tsaye, ita ma ana shirin yankanta. Iskar hunturu ta fara busowa da asuba, leɓɓa sun fara tsagewa, tsofaffi sun fara neman bakin wuta. A lissafin kalanda wannan lokaci shi ne watan Nuwamba da farkon Disamba.

In kun ɗauki kalanda kuka duba, za ku ga an rubuta waɗansu ranaku da jan tawada. Su ne ranakun hutu na Gwamnati, waɗanda Ministan Harkokin Cikin Gida ya kan ba da sanarwarsu, a rufe ofisoshi da makarantu da bankuna. Akwai 1 ga Oktoba, ranar da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960. Akwai 25 da 26 ga Disamba. Amma tsakaninsu, watan Nuwamba ba shi da irin wannan rana ko ɗaya, sai fa in Salla ko Mauludi ya faɗo a cikinsa, gama watannin Musulunci zagayawa su ke yi, kowace shekara suna gabatowa da kwana 10 ko 11.

To, amma wanda ya ke sauraron Rediyo Rima a cikin wannan wata ya san ba a kwana uku bai ji an ce, yau ce ranar kaza ta duniya ba. Mutane su kan tambaye mu, shin hutu a ke yi? Wa ya sa waɗannan ranaku? Me ya haɗa su da manomin Dogon Daji ko na Kebbe? Abin da za mu bayyana ke nan.

Ranakun da muka ba kanmu

Tun ba a san kalanda ba, ƙasar nan tana da nata hutu wanda ba wanda ya rubuta shi. Da amfanin gona ya zo gida, sai a fara jin kiɗa da dare. 'Yan kokawa su fito dandali, gari ya gayyaci gari. Mahauta su ɗaure hannu su bi ƙauyuka suna dambe. Fulani su yi sharo ranar kasuwa. A waɗansu wurare samari da 'yan mata su kan yi bikin da a ke kira kalankuwa. Aure kuwa, wanda aka yi ta ɗagawa tun bazara ana cewa sai kaka, yanzu ne a ke ɗaura shi. Ba Minista ne ya sa waɗannan ba, rumbu ne ya sa su. Shekarar da damina ta yi kyau su kan yi armashi, shekarar da aka yi fari kuwa makaɗa su kan kwana da wuri. A 'yan shekarun nan rashin tsaro ya rage taron dare a ƙauyuka da dama, abin baƙin ciki.

Ranakun da a ke faɗa a rediyo daban su ke. Yawancinsu Majalisar Ɗinkin Duniya ce ta sa su, ko Hukumar Lafiya ta Duniya. An kafa Majalisar a 1945, Nijeriya ta shiga ran 7 ga Oktoba 1960, mako guda bayan samun mulkin kai, ƙasashen da ke cikinta kuwa 193 ne. Yadda a ke yi shi ne, wata ƙasa ko wata ƙungiya ta ga wata cuta ko wani lahani yana cin mutane ba a kula ba. Sai ta kai maganar gaban Majalisa, ta ce a ware rana ɗaya a shekara don a riƙa tunawa. In aka yarda, shi ke nan. Ba doka ba ce, ba a kama kowa, ba a rufe ofis. Kamar dai sanƙira ne ya zaga kasuwa da shela: wanda ya ji ya yi aiki da ita ya amfana, wanda ya toshe kunne ya bar wa kansa.

Ba mu ce duk abin da a ke yi da sunan ranakun nan mai amfani ne ba. Sau da yawa manya su kan taru a babban otal a Abuja ko Sakkwato, a raba riguna da huluna, a yi jawabi da Turanci, a ci abinci a watse, wanda abin ya shafa yana can ƙauye bai ji komai ba. Wannan kam ba ya ƙara mu da komai. Kuma akwai ranakun da 'yan kasuwa suka ƙirƙiro don kansu. Masu wayar hannu su kan ga talla a ƙarshen Nuwamba ana cewa an karya farashi saboda wata Juma'a. Asalinta daga Amurka ne, inda kantuna su ke buɗe cinikin Kirsimeti, suna kiranta Baƙar Juma'a. A ƙasashen Larabawa sunan bai yi wa mutane daɗi ba, suka mai da ita Farar Juma'a. Baƙa ko fara, kuɗin wakenku ta ke nema. Ku bar ta ta wuce.

Amma akwai huɗu ko biyar da suka faɗo daidai kan abin da ke damunmu a wannan lokaci na shekara, kamar da mu aka yi shawara.

Sanyi da hayaƙi

Ran 12 ga Nuwamba ita ce ranar tunawa da ciwon nimoniya, watau ciwon huhu wanda mu ke kira sanyin haƙarƙari. An fara ware masa rana a 2009. Yana cikin cututtukan da suka fi kashe yara 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya. Mutane suna cewa sanyi ne ke kawo shi. Ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, amma ƙurar hunturu da hayaƙi su ke buɗe musu ƙofa. Ku duba abin da mu ke yi in dari ya shigo: a hura wuta a cikin ɗaki, a toshe taga da tsumma, a saki asabari, a kwantar da jariri cikin hayaƙi har gari ya waye.

Ga yadda uwa ko uba za su gane shi ba sai da likita ba. In yaro yana tari da zazzaɓi, a bari ya natsu, a ɗaga rigarsa, a duba agogo, a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya. Ɗan wata 2 zuwa shekara 1, in ya kai 50, ya yi yawa. Ɗan shekara 1 zuwa 5, in ya kai 40, ya yi yawa. In kuwa ƙasan ƙirjinsa yana faɗawa ciki sa'ad da ya ja numfashi, ko ya ƙi nono, to, kada a kwana. Maganinsa yana nan a asibiti, ba shi da tsada. Akwai kuma allurar rigakafinsa a cikin alluran da a ke yi wa jarirai kyauta, wadda aka fara a Nijeriya a ƙarshen 2014.

Bayan kwana biyu, ran 14, sai ranar ciwon sukari. An zaɓe ta don ita ce ranar haihuwar wani likita mutumin Kanada, Frederick Banting, wanda shi da abokan aikinsa suka gano maganin insulin a 1921. Babba mai yawan fitsari da ƙishirwa, yana ci yana ramewa, ko mai gyambon da ya ƙi warkewa, ya je a ɗiga jininsa a gwada. Minti kaɗan ne.

Lahadi ta uku ga watan kuma a kan tuna da waɗanda suka mutu a haɗarin mota. Mu da ke zaune kan babbar hanyar da ta taso daga Sakkwato ta bi ta Shagari da Tambuwal zuwa Jega ba sai an yi mana dogon bayani ba. Yanzu ne a ke loda wa mota buhuna har ta rinjaya, a ɗora mutane bisa buhunan, hazo kuma ya rufe hanya.

Salga

Ran 19 ga Nuwamba ita ce ranar bayan gida ta duniya. Mun sani wanda ya ji wannan suna zai yi dariya. Wani mutumin ƙasar Singafo ne, Jack Sim, ya fara ta a 2001, shi ma dariya aka yi masa, sai a 2013 Majalisa ta karɓe ta. Amma wanda ya ga annobar amai da gudawa ta 2021 ba ya dariya. A shekarar nan mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 3,500 suka mutu, Jihar Sakkwato kuwa tana cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai. Hanyar cutar a fili ta ke. Mutum ya tsuguna a bayan gari ko cikin gona. Ruwan sama ya kwashe ya kai rijiya ko tafki. Ƙuda ya sauka a kai, ya tashi ya sauka a kan fura.

A watan Nuwamba 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan umarni cewa a daina bayan gida a fili a duk ƙasar nan kafin ƙarshen 2025. Ba a kai ga haka ba. Amma Jihar Jigawa ta kai tun 2022, ita ce ta fari, mutanenta kuwa Hausawa ne da Fulani manoma irinmu, ba su fi mu arziki ba. Ashe abin mai yiwuwa ne.

Ba kuma lokacin da ya fi wannan dacewa da haƙa salga. Ƙasa ta bushe, rami ba zai rufta ba. Hannu ya huta daga gona. Ga karan dawa na yin danga. A nisanta ta da rijiya kamar taki 40 na babban mutum, watau wajen mita 30, kada kuma ta kasance a saman gangaren da ke malalowa wajen rijiyar. A yi mata murfi. A ajiye buta da sabulu a bakinta, in ba sabulu a sa toka. Kashin yaro ma a zuba shi ciki, gama ya fi na babba cuta, ko da ya ke mata ba su yarda da haka ba.

Ranar noma wadda ba ta gona ba

Washegari, 20 ga Nuwamba, ita ce muka fi so ku riƙe. A duniya ranar yara ce, don a ran nan ne a 1989 Majalisa ta amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara. Kada a haɗa ta da 27 ga Mayu, wadda 'yan makaranta su ke yin fareti, waccan tamu ce ta Nijeriya. Amma tun 2017 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta ƙara wa 20 ga Nuwamba wani suna, ta ce ita ce Ranar Noma ta ƙasa.

Bahaushe ya ji Ranar Noma, ga shi kuwa ana tsakiyar kaka, lalle zai zaci taki za a raba. Ba haka ba ne. Wannan noma sunan cuta ne da likitoci suka aro daga harshen Girka, ma'anarsa cinyewa, kamar yadda dabba ta ke cinye ciyawa. Rubutun ne kawai ya zo ɗaya da namu. Mu a nan mun fi saninta da ciwon daji, ko da ya ke ba ita ce sankara ba. Waɗansu kuma suna ce mata zaizayar baki. Kusan kowane dattijo a ƙasar Tambuwal da Kebbe ya taɓa ganin mai ita: mutum da rami a kunci, ko leɓe ya cinye, haƙora a waje, kullum yana rufe fuska da gyale ko rawani.

Yara ta ke kamawa, yawanci 'yan shekara 2 zuwa 6. Ba ta zuwa da hayaniya. Da fari dasashi ne ya kan yi ja, ya kumbura, yana jini in an taɓa. Sai bakin yaron ya fara wari mai ƙarfi, miyau yana dalala, ya ƙi abinci. Bayan kwana kaɗan kunci ya kumbura, ga zazzaɓi. Sa'an nan wani baƙin tabo ya fito a kan kumburin, naman wurin ya mutu, ya faɗi, ya bar rami. Daga jan dasashi zuwa rami, abin ya kan faru cikin mako ɗaya ko biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara 10 da ba a yi musu magani ba, har 9 suna iya mutuwa. A ƙiyasin da ta yi a 1998, yara 140,000 ke kamuwa kowace shekara. Wanda ya tsira kuwa, sau da yawa muƙamuƙinsa ya kan kulle, ba ya iya buɗe baki sosai, ci ya yi masa wuya, magana ta yi masa wuya. A ɓoye shi a gida, ba makaranta, ba dandali, in mace ce aure ya yi mata nisa.

To, ku ji abin da ya sa mu ke nanata wannan. A kwanakin fari, lokacin da abin ya ke dasashi da wari, ko ma kumburi, maganinta mai sauƙi ne. Maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, yaro ya warke ba ko tabo. In aka bar ta ta huda, sai aikin fiɗa, wani sau biyu, wani sau uku, fuskar kuwa ba ta komawa yadda Allah ya halicce ta. Kwanakin da a ke ɓatawa wajen shafe-shafe da turare da sakiya, ana cewa iska ce ko maita, su ne kwanakin da a ke rasa fuskar yaro a cikinsu. Ba iska ba ce. Ba a kuma ɗaukarta daga wani, saboda haka babu dalilin gudun mai ita. Ƙwayoyin cutar da ke zaune cikin bakin kowa ne su ke samun ƙarfi a kan yaron da jikinsa ya raunana.

Me ke raunana shi? Tamowa ce gaba. Sai baƙon dauro, da zazzaɓin cizon sauro, da gudawa. Ku duba yaron da ya fito daga damina: ya sha yunwar Yuli da Agusta sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ya sha zazzaɓi, ga lokacin baƙon dauro yana tafe da rani. In kuma an yaye shi ke nan, an kai shi gidan kakarsa, ba abin da ya ke sha sai kunu zalla safe da yamma, to, ya shiga hatsari. Ga shi kuwa yanzu ne gida ya ke cike da maganin abin. Akwai wake, akwai gyaɗa da ƙuli-ƙuli, akwai zogale, akwai nono wajen Fulani, akwai ƙwai da kifi. Mun sha ganin maigida ya kwashe wake da gyaɗa kaf ya kai kasuwa, ya bar wa yara gero da kuka. Muna roƙo, kafin a ɗinke bakin buhu, a ware na yara. A dama kunu da gyaɗa. A ba yaro ƙwai, maganar cewa zai koyi sata ba ta da tushe.

Sai kuma duba baki. Uwa ta kan duba kan ɗanta, ta duba idonsa, amma ba safai a ke ɗaga leɓen yaro a leƙa ba. A riƙa yi, ko da sau ɗaya a mako, musamman in ya tashi daga ciwo. A goge masa haƙora da asuwaki mai laushi ko tsumma mai tsabta, a kurkure da ruwan ɗumi da ɗan gishiri. A kai shi allurar baƙon dauro yana wata 9. In an ga jini da wari, a nufi asibitin Dogon Daji, ko na Tambuwal, ko na Kebbe, a ran nan, a kuma faɗa wa ma'aikacin ya duba dasashin.

Mu mutanen Jihar Sakkwato muna da gatan da waɗansu ba su da shi. A cikin birnin Sakkwato akwai asibiti na wannan cuta musamman, Asibitin Yara na Noma, wanda aka buɗe a 1999. Irinsa kaɗan ne a duniya. Tun 2014 ƙungiyar likitocin nan ta MSF, da a ke kira Na-gari Na-kowa, ta kama wa Gwamnatin Jiha aiki a cikinsa. Likitocin fiɗa su kan zo lokaci lokaci su gyara fuska, su buɗe muƙamuƙin da ya kulle, ba a kuwa biyan kuɗin aikin. Daga Kano da Barno da Jamhuriyar Nijar a ke kawo yara, mu kuwa wanda ya tashi da safe ya isa kafin azahar. Ba yara kaɗai ba, babban da ya girma da tabon tun yana ƙarami shi ma ana duba shi. In akwai irinsa a gidanku ko unguwarku, a gaya masa. Kuma Nijeriya ce ta kai kuka gaban Hukumar Lafiya ta Duniya, har a watan Disamba 2023 aka sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, don ƙasashe su ware mata kuɗi da ma'aikata.

Sauran kwanakin

Ran 25 ga Nuwamba a ke tunawa da matan da a ke duka ko a ke ci wa zarafi. Asalinta wasu mata uku ne 'yan gida ɗaya da aka kashe a ran nan a 1960, a wata ƙasa da ke tsibiran kusa da Amurka, don sun ja da azzalumin shugaba. Ran 1 ga Disamba ta cutar ƙanjamau ce, tun 1988. Ta zo daidai da tashin 'yan cin rani, saboda haka mai tafiya ya kiyaye, mai shirin aure kuma ya yi gwaji, gama yanzu akwai maganin da ke danne cutar, ana ba da shi kyauta. Ran 3 ta naƙasassu ce. Tun Janairu 2019 akwai doka a Nijeriya da ta hana a nuna musu bambanci wajen aiki ko makaranta.

Ran 5 ga Disamba kuwa, ita ce ta manoma ta gaskiya, ranar ƙasar noma, wadda aka fara a 2014. A daidai lokacin ne an gama yankan dawa, yara suna cinna wa daji wuta don neman gafiya da ɓera, wutar ta bi gonaki ta cinye kara da ganye, ta bar ƙasa tsirara ga iskar hunturu. Duk ƙurar da kuka ga ta tashi daga gonar da aka ƙone, abincin shukar baɗi ce ta ke tafiya. Karan da ba a bukata na danga ko na dabbobi a kwantar da shi a gona. Wanda ya iya shiryawa da Fulani su sauka da shanu su kwana masa 'yan makonni, ya yi. Jakuna da amalanke ma yanzu ba su da aiki mai yawa, a fara kwashe takin gida da tokar murhu ana kaiwa tun ba a shiga zafin bazara ba.